Shirun Explorer 1: Yadda Na'urar da Aka Zata ta Lalace ta Gano Ɗamarar Duniya

A watan Fabrairun 1958 wasu 'yan tsirarun masana a Jami'ar Iowa ta Amurka sun shiga tsaka mai wuya. Na'urar da suka shafe shekaru suna ƙerawa tana can sama tana zagaya duniya a cikin tauraron ɗan'adam na farko da ƙasarsu ta yi nasarar harbawa, wato Explorer 1, amma saƙon da take aikowa ya ƙi daidaita. Wani lokaci takan ƙirga abin da aka sa rai, wajen bugu 30 a daƙiƙa guda. Wani lokacin kuma, musamman idan tauraron ya lula sama sosai, sai ta yi tsit, ba ko bugu ɗaya. Wannan kuwa abu ne da hankali ba zai ɗauka ba, don ko a ɗakin gwaji a doron ƙasa irin wannan na'ura ba ta rasa ɗan abin ƙirgawa, balle a sararin samaniya inda babu iskar da za ta tare mata komai.

A jikin tauraron akwai wani kunne na biyu, makirfo da aka manna don ya saurari ƙarar ƙurar samaniya idan ta bugi gangar jikinsa. Shi bai yi shiru ba, ya yi ta kawo rahoto. Abin da ya sa lamarin Explorer 1 ya daɗe yana jan hankalina shi ne yadda labarin kunnuwan nan biyu ya ƙare: wanda ya yi shiru shi ne ya kawo babban labari, shi kuwa irin wanda ya yi ta magana daga baya aka dawo ana tuhumar shaidarsa.

Yadda aka kai ga harbawa

Tushen abin ba gasar makamai ba ne kaɗai. A ranar 5 ga Afrilun 1950 wasu masana suka taru cin abincin dare a gidan James Van Allen, masanin da daga baya ya jagoranci tawagar nan ta Iowa, cikinsu har da Sydney Chapman na Ingila da Lloyd Berkner. A wannan zama aka kawo shawarar a ware wani lokaci da ƙasashen duniya za su haɗa hannu su auna ƙasa da teku da iska da abin da ke bisansu gaba ɗaya. Shawarar ce ta haifi Shekarar Nazarin Duniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ta gudana daga 1 ga Yulin 1957 zuwa ƙarshen Disambar 1958, ƙasashe 67 suka shiga. Amurka da Tarayyar Sobiyet kowacce ta yi alkawarin harba tauraro a cikin wannan wa'adi.

A Amurka an yi ja-in-ja a kan wanda za a ba aikin. Rundunar sojan ƙasa tana da Wernher von Braun da tawagarsa a Huntsville ta jihar Alabama, da rokar Redstone wadda jikanyar rokar yaƙin Jamus ce, V-2. Ba zan wuce wannan suna ban faɗi abin da ke bayansa ba: von Braun ya yi wa gwamnatin Nazi aiki, ya riƙe muƙami a rundunar SS, kuma fursunonin da aka tilasta wa aikin bauta ne suka ƙera V-2 a cikin ramukan ƙarƙashin ƙasa, dubbai suka mutu a wurin. A 1955 gwamnati ta zaɓi shirin sojan ruwa mai suna Vanguard, ta ajiye na sojan ƙasa a gefe. A Satumbar 1956 tawagar Huntsville ta harba rokar Jupiter-C ta haura kilomita 1,000 a sama, amma da yashi aka cika matakinta na ƙarshe maimakon makamashi, don kada ta shiga kewayen duniya ba da izini ba.

Sai ga Sputnik 1 na Tarayyar Sobiyet ranar 4 ga Oktobar 1957, nauyinsa ya kusa kilo 84. Wata guda bayan haka Sputnik 2 ya bi sahu ɗauke da karya mai suna Laika, nauyinsa ya zarce rabin tan. Hankalin Amurkawa ya tashi. Ranar 8 ga Nuwamba aka ba sojan ƙasa umarnin su shirya nasu. Ranar 6 ga Disamba kuma rokar Vanguard ta ɗaga kamar mita ɗaya daga ƙasa, ta dawo ta tarwatse da wuta a gaban 'yan jarida. Daga ranar da aka ba da umarni zuwa ranar da Explorer 1 ya tashi kwana 84 ne kacal.

Wannan gaggawa tana da hannu a duk abin da ya biyo baya. Lokacin da Sputnik ya tashi Van Allen yana cikin jirgin ruwa a hanyarsa ta zuwa yankin ƙanƙara na kudancin duniya, yana harba ƙananan rokoki daga jikin balan-balan, dabarar da ya saba da ita tun 1952. Ɗalibinsa George Ludwig ne ke riƙe da na'urar a Iowa. Don Vanguard aka tsara ta, amma Van Allen ya riga ya yi hangen nesa, ya sa an yi ta yadda za ta iya shiga rokar sojan ƙasa ma. Ludwig ya loda kayan a but ɗin motarsa, ya kwashi iyalinsa, ya tuƙa har Pasadena ta Kalifoniya, inda cibiyar binciken rokoki ta JPL ƙarƙashin William Pickering ke harhaɗa tauraron. A cikin tsarinsa na asali akwai wata 'yar ƙaramar rikoda mai naɗar bayanai a kan zare, wadda za ta adana ƙirgen zagaye guda cur sannan ta juye shi idan tauraron ya zo saitin tasha. Lokaci bai isa a daidaita ta da sabon tauraron ba, aka tashi babu ita.

Abin da aka cusa a cikin bututun

Explorer 1 ba wani ƙaton abu ba ne. Dogon bututu ne mai tsini, tsawonsa ya ɗan ɗara mita 2, faɗinsa kamar santimita 15, nauyinsa duka wajen kilo 14. Rabinsa na baya ma roka ce, matakin ƙarshe wanda ya ci gaba da zama manne da shi bayan makamashinsa ya ƙone. An yi wa rabin gaban zane-zanen farin fenti a tsaye don daidaita zafi. Akwai ma'aunan zafi guda biyar, da na'urorin watsa sigina biyu, da batura, da eriya huɗu sirara masu lanƙwasa kamar tsumagiya da suka fito daga tsakiyarsa.

Babban aikin da aka aike shi yi shi ne ƙirga abin da za mu kira tartsatsin samaniya. Waɗannan 'yan mitsi-mitsin ɓarɓashin zarra ne, kusan kashi 90 cikin 100 furoton, da ke zuwa daga can nesa a cikin taurari da gudun da ya kusa na haske, suna ratsa iskar duniya dare da rana. Victor Hess ɗan Ostiriya ne ya tabbatar daga sama suke zuwa, lokacin da ya hau balan-balan a 1912 ya haura mita 5,000, ya ga ma'auninsa na ƙara hawa maimakon ya ragu. Abin da Van Allen ke nema shi ne yawansu a saman iska baki ɗaya, da yadda yawan ke sauyawa daga ikwaita zuwa arewa da kudu saboda ƙarfin maganaɗisun duniya.

Ma'aunin shi ne bututun Gaiga. Ɗan bututun ƙarfe ne a rufe ruf, da iskar gas a ciki, da siririyar waya a tsakiya mai ɗauke da lantarki na ɗaruruwan bolt. Idan tartsatsi ɗaya ya ratsa, sai ya tayar da ɗan walƙiyar lantarki a cikin gas ɗin, na'ura ta ƙirga bugu ɗaya. Bayan kowane bugu bututun yana bukatar ɗan hutu, ƙasa da ƙiftawar ido nesa ba kusa ba, kafin ya iya jin na gaba. Wannan ɗan hutun shi ne mabuɗin lamarin duka.

Aiki na biyu shi ne ƙurar samaniya, wato burbushin duwatsu da bai kai ƙwayar yashi ba amma yana tafe da gudun da ya haura kilomita 11 a daƙiƙa. A wancan zamani tsoron wannan ƙura gaskiya ne. Babu wanda ya san yawanta, kuma idan tana da yawa, to kumbon da zai ɗauki mutum zai iya zama rariya. Tun 1947 masanin taurari Fred Whipple ya ba da shawarar a riƙa yi wa kumbo garkuwa ta siririn ƙarfe a waje don ta farfasa ƙurar kafin ta isa bango. An sa wa Explorer 1 ma'aunai biyu saboda ita. Ɗaya shi ne makirfon da na ambata. Ɗayan kuma 'yan faifai ne guda 12 da aka nannaɗe da waya mai kaurin maikuron 17, wadda silin gashin mutum ya ninka ta kauri sau uku ko fiye. Idan ƙura ta tsinka wayar wani faifai, sai lantarkin da ke bi ta ciki ya sauya, a gane daga ƙasa.

Daren 31 ga Janairu

Iska mai ƙarfi a sama ta hana tashi ranar 29 da ranar 30 ga wata. A daren 31 ga Janairun 1958, da ƙarfe 10:48 agogon Florida, wato 4:48 na asubahin 1 ga Fabrairu agogon Najeriya da Nijar, rokar Juno I ta tashi daga Cape Canaveral. Matakin farko Redstone ne da aka ƙara wa tsawo, yana ƙona wani sabon mai da wata masaniyar haɗa sinadarai, Mary Sherman Morgan, ta jagoranci haɗawa. A samansa akwai wani abu kamar baho da ke juyawa da sauri, ɗauke da ƙananan rokoki 11, a tsakiyarsu 3, sannan guda 1 mai ɗauke da tauraron. Juyawar ce ke riƙe saiti, kamar yadda katantanwar wasan yara ke tsayawa cak muddin tana juyi. Mutum ne ma, Ernst Stuhlinger, ya danna maɓallin kunna mataki na biyu daga ƙasa a daidai lokacin da lissafinsa ya nuna rokar ta kai ƙololuwa. A Pasadena kuwa mata ne ke lissafin hanyar da fensir da takarda da injin lissafi na tebur, Barbara Paulson na cikin waɗanda suka zana layin a wannan dare.

Ba a iya cewa an yi nasara sai an ji siginar ta zagayo ta ɓullo ta Kalifoniya. Lokacin da aka ƙiyasta ya yi, ya wuce, ba a ji komai ba. Sai da aka ƙara wajen minti takwas na zullumi sannan tashoshi suka kama ta. Dalilin jinkirin shi ne rokar ta ba tauraron ƙarfi fiye da lissafi, ya tafi sama fiye da yadda aka tsara: yana saukowa kusan kilomita 360, yana haurawa har wajen kilomita 2,500, yana kammala zagaye a kusan minti 115. Ba don wannan ƙarin nisa ba, da bai nutsa sosai cikin yankin da ya rufe masa baki ba.

Tunda babu rikoda, ba a jin tauraron sai lokacin da ya bi ta saman wata tasha, 'yan mintoci kaɗan a kowane wucewa. Hanyarsa ba ta wuce digiri 33 arewa ko kudu da ikwaita, don haka ana bukatar masu sauraro a ƙasashe masu zafi. Ɗaya daga cikin tashoshin da JPL ta shirya tana Kwalejin Jami'a ta Ibadan, Najeriya tana ƙarƙashin mulkin Ingila a lokacin, wata kuma tana Singafo, ban da jerin tashoshin da aka kafa wa Vanguard a Kudancin Amurka. ('Yan shekaru bayan haka aka kafa tashar bibiyar kumbon Mercury mai ɗauke da mutum a Kano, amma wannan wani labari ne.) Kowace tasha takan naɗi abin da ta ji a aika. Abin da ya riƙa isa Iowa ke nan: gutsattsarin saƙo, minti biyu daga nan, minti uku daga can, babu abin da ya haɗa tsakaninsu.

Ma'anar sifili

A cikin gutsattsarin nan aka fara ganin wani tsari. Idan tauraron yana ƙasa-ƙasa, ƙirge lafiya lau. Idan ya bi ta saman Kudancin Amurka yana can sama da kilomita 2,000, sai sifili. Bayani mafi sauƙi shi ne wani abu ya lalace, ko sanyi ko zafi yana taɓa wata waya. Sai dai ma'aunan zafi sun nuna cikin tauraron bai fita daga yanayin da kayan za su jure ba, kuma na'urar da ta mutu ba ta farfaɗowa ta ci gaba da ƙirge daidai a zagaye na gaba. Ɗaya bayanin, cewa babu tartsatsin samaniya a can sama, ya saɓa wa duk abin da aka sani tun zamanin Hess.

Abin da nake girmamawa a nan shi ne ba su yi gaggawar yanke hukunci ba, alhali duk ƙasar tana jiran sakamako. Sun jira ƙarin shaida. Explorer 2 ya tashi ranar 5 ga Maris bai kai ba, matakinsa na ƙarshe ya ƙi kamawa. Explorer 3 ya shiga kewaye ranar 26 ga Maris, a wannan karon da rikodar Ludwig a ciki. A farkon Afrilu Van Allen ya karɓi bayanan zagaye guda cikakke a Washington, ya koma ɗakinsa na otal da takardar zane da rula, ya zauna yana ɗiga lambobin ɗaya bayan ɗaya har tsakar dare ta gota. Layin da ya fito ya fara a ƙasa inda aka saba, ya hau da sauri har ya kai bugu 128 a daƙiƙa, iyakar abin da rikodar ke iya rubutawa, sai ya faɗo sifili ya zauna kusan kwatan awa, sannan ya koma 128, ya gangaro a hankali zuwa inda ya faro. Shirun yana zaune ne a tsakiyar tudu, hawa ta gabansa, hawa ta bayansa.

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano da damina zai gane abin. Idan yayyafi ya fara, kana iya ƙirga ɗigon: ɗaya, biyu, uku. Idan ya ƙaru, ƙirgen yana sauri. Amma idan ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, babu sauran ɗigo, sai ruri guda ɗaya marar yankewa. Wanda aka ce ya ƙirga ɗigo kawai, a wannan lokaci ba shi da abin rubutawa. Haka ya faru da bututun Gaiga. Tartsatsin ya yi yawan da bututun bai samun ɗan hutun nan nasa, bugun da yake fitarwa suka ƙanƙance har na'urar ƙirge ta daina ganinsu.

A Iowa wani ɗalibin, Carl McIlwain, bai tsaya ga hasashe ba. Ya ɗauko irin wannan bututu da kayan lantarkinsa, ya ajiye gaban injin eksire, ya riƙa ƙara ƙarfi. Ƙirge ya hau, ya hau, ya kai ƙololuwa, sannan ya rufto zuwa sifili yayin da injin ke ci gaba da zuba masa radiyeshin. A ganina wannan gwaji shi ne zuciyar lamarin, fiye da harbawar kanta. Sun sake haifar da shirun da hannunsu a kan tebur, sun san adadin da ke jawo shi. Da aka haɗa wannan da zanen Van Allen, shi da Ludwig da McIlwain da Ernest Ray suka kai ga cewa radiyeshin da ke can sama ya ninka abin da aka zata aƙalla sau 1,000.

Ranar 1 ga Mayun 1958 Van Allen ya bayyana sakamakon a wani taron masana a Washington. Bayaninsa shi ne maganaɗisun duniya ya kama ɓarɓashi masu cajin lantarki ya tsare su, suna murɗawa a jikin layukansa, suna kai da kawowa tsakanin arewa da kudu, suna kuma zagaya duniya a hankali har suka yi mata ɗamara. Lissafin irin wannan tafiya ba sabo ba ne, Carl Størmer na Norway ya yi shekaru yana yinsa tun farkon ƙarnin don fahimtar hasken da ke bayyana a samaniyar ƙasashen ƙanƙara. Abin da ba a sani ba shi ne tarkon a cike yake maƙil.

Bai dace da komai a karon farko ba. Ya zaci ilektaron ne marasa ƙarfi sosai, irin masu haddasa wancan haske. Aune-aunen da suka biyo baya, daga Explorer 4 da aka harba a Yulin 1958 da wasunsa, suka nuna cewa a ɗamarar ciki furoton masu tsananin ƙarfi ne ke ratsa ƙarfe. A Disambar shekarar Pioneer 3, wanda aka nufi wata da shi bai kai ba, ya haura ya dawo ya nuna akwai ɗamara ta biyu can waje, da sarari tsakaninsu. Wani abin sha'awa shi ne da yawa daga furoton na ɗamarar ciki 'ya'yan tartsatsin samaniya ne: tartsatsin yakan daki iskar sama, wani ɓarɓashin zarra marar caji mai suna niyutiron ya fantsamo waje, ya ruɓe a hanya ya zama furoton da ilektaron, maganaɗisu ya cafke su. Ashe abin da aka je ƙirgawa shi ne ke ciyar da abin da ya toshe ma'aunin.

Sobiyet sun riga su shiga wurin. Sputnik 2 yana ɗauke da ma'aunan Sergei Vernov na Jami'ar Mosko, kuma sun ga ƙirge ya ƙaru a Nuwambar 1957. Amma tashoshinsu a cikin ƙasarsu kawai suke, inda tauraron ke bi ƙasa-ƙasa, sai suka danganta ƙaruwar da wani motsin rana. Inda yake lulawa sama kuwa, ta wajen Ostireliya, masana sun naɗi siginarsa, amma ba a ba su mabuɗin fassarawa ba, su ma ba su miƙa abin da suka naɗa ba. Sputnik 3 da ya tashi a Mayun 1958 da kayan aiki masu yawa, rikodarsa ta ƙi aiki. Abin yana ba ni takaici, domin Vernov masani ne na gaske, rufa-rufar yaƙin cacar baka ce ta tsaya tsakaninsa da rabin bayanan na'urarsa.

Kunne na biyu

Makirfon Explorer 1 ya kawo bugu 145 a cikin daƙiƙa 78,750 na sauraro, wato kamar bugu ɗaya duk minti tara, a cikin kusan kwana 12. An karɓi adadin, an yi lissafi da shi. Taurari da rokoki da suka biyo baya, na Amurka da na Sobiyet, masu ɗauke da irin wannan makirfo, su ma suka riƙa kawo adadi masu yawa. A farkon shekarun 1960 har ra'ayi ya kafu cewa duniya tana lulluɓe da wani gajimaren ƙura da ya fi na sauran sarari kauri nesa ba kusa ba. Ana tsara kumbon da zai kai mutum wata a lokacin, kuma kowane ƙarin kauri a bangonsa nauyi ne da roka za ta ɗauka.

Sai dai ma'aunan da ba sa dogara da sauti, waɗanda sai ƙura ta huda su da gaske suke ƙirgawa, ba su ga wannan yawa ba. Explorer 16 a 1962 ya ɗauki 'yan gwangwanaye masu iska a ciki, wanda aka huda iskarsa ta fice. A 1965 aka harba taurarin Pegasus guda uku, kowanne da fukafukai masu faɗin kusan mita 29 da aka shimfiɗa don ƙura ta huda. Sakamakonsu ya nuna haɗarin yana nan amma bai kai yadda makirfo ke nunawa ba. A 1966 Carl Nilsson ya wallafa binciken da ya nuna irin waɗannan makirfo suna fitar da bugu da kansu idan zafi yana sauyawa.

Mu koma ɗakin kwanon nan, amma da rani. Da hantsi idan rana ta fara dukansa za ka ji yana ƙas, ƙas, da yamma idan ya fara hucewa ya sake yi, ba tare da ko tsakuwa ɗaya ta faɗo a kai ba. Tauraron da ke fita daga inuwar duniya ya shiga rana, ya koma inuwa, sau goma sha biyu da ɗoriya a yini, yana shan irin wannan miƙewa da takurewa. Makirfon da ke manne da fatarsa ba shi da hanyar bambance ƙarar ƙura da ƙarar ƙarfe. Gajimaren ƙurar nan ya bi iska, aka daina maganarsa.

Na kan tsaya a kan bambancin yadda aka karɓi saƙonnin biyu. Sifilin bututun Gaiga ya saɓa wa abin da kowa ke tsammani, don haka aka tsananta masa bincike cikin makonni, har aka kai shi gaban injin eksire. Bugun makirfo kuwa ya zo daidai da abin da ake jira, an je neman ƙura an ji ƙara, sai aka yi shekara takwas kafin tuhumar ta yi ƙarfi. Ban ɗauki wannan a matsayin sakaci na waɗanda suka yi aikin ba. Auna abin da bai kai ƙwayar gero ba da kayan 1958, cikin kwana 84, ba ƙaramin aiki ba ne, kuma tambayar da suka fara yi ita ce ta jawo Pegasus.

Akwai darasi na uku da ba a je nema ba. An harba Explorer 1 yana juyi a tsayensa kamar mazari, sau 750 a minti, ana sa ran zai dawwama a haka. Ba a jima ba sigina ta nuna ya fara tangaɗi, har ya koma wulwulawa kai da gindi kamar sandar da aka jefa. Eriyoyin nan huɗu masu lanƙwasa ne suka jawo: suna kaɗawa suna shanye ƙarfin juyin kaɗan-kaɗan, kuma duk abin da ke rasa ƙarfi a haka yakan koma juyawa ta fuskar da ta fi masa sauƙi, wadda ga dogon abu ita ce ta kwance. Daga nan masu ƙera taurari masu juyi suka koma yin su gajeru masu faɗi kamar ganga, ko su sa musu abin da zai riƙe saitin.

Abin da aka gano bai tsaya a takarda ba. A Yulin 1962 Amurka ta fasa bam ɗin nukiliya a sama da tekun Fasifik, ɓarɓashinsa suka maƙale a cikin tarkon maganaɗisun, suka lalata taurari da dama har da Telstar 1 na sadarwa. Tafiye-tafiyen Apollo masu kai mutum wata an tsara su ne yadda za su ratsa ɗamarar da sauri ta gefen da ba ta da kauri. A saman kudancin Atilantika, inda ɗamarar ciki ke saukowa kusa da ƙasa, har yau akwai taurarin da ake kashe wa wasu na'urori idan za su wuce. A 2012 hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, wadda aka kafa watanni kaɗan bayan tashin Explorer 1, ta harba tagwayen taurari masu ɗauke da sunan Van Allen, suka yi shekara bakwai a cikin ɗamarar suna aunawa.

Shi kuwa Explorer 1, babbar na'urar siginarsa ta yi wata guda batirinta ya ƙare, ƙaramar ta ci gaba har 23 ga Mayun 1958. Daga nan ya zama bututun ƙarfe kawai, yana wulwulawa yana ratsa ɗamarar yana fita ba mai jinsa, iskar sama tana rage masa nisa a hankali. Ranar 31 ga Maris 1970, bayan zagaye fiye da 58,000, ya shigo cikin iska ya ƙone a saman tekun Fasifik.